Kalmar "Reserve" da Gandun Daji: Tarihin Wata Fassara a Kwarin Rima

Gabatarwa

Masu nazarin aron kalmomi a Hausa sun fi mai da hankali ga kalmomin da suka shigo da jikinsu, irin su mota da tebur da asibiti, domin su ne ake iya kamawa a auna yadda bakin Bahaushe ya sarrafa su. Akwai kuwa wani rukuni wanda ba a cika kula da shi ba, watau kalmomin da su kansu ba su zauna cikin harshen ba, sai dai hukuncin da suke ɗauke da shi ne ya shigo, aka nemo wata tsohuwar kalmar Hausa aka ɗora mata nauyinsu. A wurin mai nazarin tarihi waɗannan sun fi amfani, saboda kalmar da mutane suka zaɓa su kira baƙon abu da ita tana bayyana yadda suka ɗauki abin. Wannan takarda za ta ɗauki guda ɗaya daga cikinsu, kalmar Ingilishi "reserve", ta bi sawunta a ƙasar da ke tsakanin Birnin Kabi da Argungu, inda garin Zauro yake zaune a bakin fadamar Gulbin Rima. Abin da nake so in nuna shi ne, kalmar tana da fuska biyu a gidansu, amma da fuska ɗaya kaɗai ta iso wannan ƙasa, kuma fassarar da aka yi mata shaida ce cewa talakawa sun gane wadda ta iso.

Kalmar a gidansu

Asalin kalmar daga Latin ne, ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 14. Tushen ma'anarta shi ne a riƙe wani abu, kada a sake shi duka. Daga wannan tushe rassa suka fito. Kuɗin da aka ajiye don bacin rana sunansu ke nan, haka nan sojan da ba a tura fagen fama ba tukuna. Wannan reshe ne kaɗai ya shigo Hausa da jikinsa, a bakin direbobi da masu babur, waɗanda kan ce mai ya shiga rizab idan tanki ya kusa ƙarewa. A ƙarni na 17 kalmar ta sami wata ma'ana da ta shafi hali: mutumin da ba ya sakin bakinsa, ba ya bayyana duk abin da ke ransa, mai ja da baya a cikin taro, ana cewa yana da wannan siffa, kuma Ingilishi sun daɗe suna ƙirga ta cikin halayen da suke alfahari da su. Reshe na ƙarshe shi ne na ƙasa, watau yankin da hukuma ta shata ta keɓe don wata manufa.

Abin lura a nan shi ne wanda yake yin riƙon. A ma'anar hali, mutum kansa yake riƙewa. A ma'anar ƙasa, wani ne mai iko yake riƙe abu daga hannun wasu. Baturen da ya girma da kalmar yana jin ma'anonin biyu tare, saboda haka idan ya keɓe daji sai ya ji kamar aikin tattali da kamun kai yake yi. Wanda aka keɓe wa dajin kuwa bai da dalilin jin haka.

Ma'anar ƙasa ta yi ƙarfi ne a ƙasashen da Ingila ta mallaka. A Indiya, dokar dazuzzuka ta 1878 ta kasa daji kashi-kashi, kuma kashin da aka fi tsananta hani a cikinsa shi aka ba wannan suna. A Afirka ta Kudu, dokar ƙasa ta 1913 ta tattara baƙar fata, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, a cikin yankunan da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ba, su ma da wannan suna. Mutumin da ya shugabanci aikin daji a Nijeriya a farkon ƙarni na 20, H. N. Thompson, daga ma'aikatar dajin Indiya da Bama ya zo, ya kuwa zo da tsarinta da kalmominta.

Abin da aka tarar

Ba a iya cewa Turawa ne suka kawo wa mutanen Kabi tunanin iyaka. Ƙasar tana cike da iyakoki, wasu ma da jini aka shata su. Mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo sun ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa suka koma Argungu daga baya, kuma tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa, wannan yanki na fadama bakin daga ne tsakanin Gwandu da Argungu. Ambursa, maƙwabciyar Zauro, ribaɗi ce, har sarakunan Gwandu suka zauna a cikinta don su fuskanci Kabawa. Sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla da Sarkin Kabi Abdullahi Toga a 1867, shekara 8 kaɗai ya yi. Manomin da ya shuka shinkafa a wannan wuri a wancan zamani ya san inda ƙafarsa za ta tsaya ba tare da an kafa masa turke ba.

Amma iyakar da ta fi shafar batunmu ita ce ta zaman lafiya, kuma Hausa tana da kalmomi masu yawa a kanta. Akwai hurumi, filin da ke kewaye da gari wanda ba a yarda wani ya mai da shi gonarsa ba. Akwai burtali da labi, hanyoyin da ake bar wa dabbobi a tsakanin gonaki, da mashaya inda suke sauka ruwa. Hurumi daga Larabci ya fito, kuma yana da gindi a fikihun Malikiyya. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna Gwandu har rasuwarsa, ya rubuta littafi musamman a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ko jama'a suke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. A fikihun da ya dogara da shi, hurumin gari shi ne inda mutanensa suke yin itace da kiwo su komo a yini guda, kuma na mutanen garin ne gaba ɗaya. Rijiya tana da nata hurumi, itaciya ma haka. Shugaba yana da ikon keɓe makiyaya, abin da malamai suke kira hima, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi a Rabaza, amma an ɗaure ikon da sharuɗɗa: wurin ya zama kaɗan, akwai bukatarsa don maslahar jama'a, ba mallakar kowa ba ne, kuma kada ya ƙuntata wa mutane. Watau dokar da ta ba sarki ikon hana wasu, ita ce kuma ta hana shi wuce wuri.

Ban ce haka aka yi ta aikatawa kullum ba. Littafi daban, halin masu sarauta daban, kuma hakimai sun sha cin hurumi tun kafin a ga Bature. Abin da nake nufi shi ne akwai ma'aunin da talaka zai iya kafa hujja da shi a gaban alƙali.

Harshen kansa ya haɗa iyakar ƙasa da iyakar hali, kamar yadda Ingilishi ya yi. Idan mutum ya yi abin da ya zarce ƙima sai a ce ya wuce gona da iri, kuma hoton da ke cikin maganar na manomi ne mai shuka wanda bai tsaya a kan iyakarsa ba. Wanda ya tsoma baki cikin abin da bai shafe shi ba an ce ya shiga gonar wani, ko kuwa ba huruminsa ba ne, har kotuna suka ɗauki wannan kalma don iyakar ikon alƙali. A ɓangaren hali zalla kuwa ga kunya, ga kara, ga kawaici, ga fulaku wanda Fulani suke tinƙaho da shi. Kirk-Greene, a laccarsa ta 1973 a kan mutumin kirki, ya sa kunya da haƙuri cikin ginshiƙan halin da Bahaushe yake yabo. Da a ce Baturen mulki ya zo da ma'anar hali ta kalmarsa, da bai sha wahalar samun tafinta ba.

Yadda ta iso

Sojan Ingila sun sauka Argungu a 1902, Sarkin Kabi Sama'ila ya karɓe su ba tare da yaƙi ba, Sakkwato ta faɗi a 1903, kuma a 1906 aka naɗa Haliru Abdu Sarkin Gwandu, hedkwatar masarautar ta koma Birnin Kabi. A 1910 aka yi shelar dokar ƙasa wadda ta sa dukan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, a bisa cewa yana riƙe da ita ne don amfanin 'yan ƙasa. Wannan doka ita ce uwar duk wani keɓe wuri da ya biyo baya, domin wanda ƙasa take hannunsa shi ne mai ikon cewa nan a shiga, nan kada a shiga.

Wurin farko da Turawa suka keɓe, abin mamaki, kansu suka keɓe a ciki. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ta tanadi unguwar Turawa daban, da fili na yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, a bisa hujjar kare Turawa daga sauro da zazzaɓi. Sunan unguwar a takarda daga wannan kalma tamu aka cire shi. Bahaushe bai wahalar da kansa da fassara ba, ya kira wurin bariki, ya kuma ba kalmar bariki wata ma'ana ta hali wadda ta yi hannun riga da kamun kai, kamar yadda kowa ya san abin da ake nufi da ɗan bariki. Unguwannin nan su ne suka zama GRA, har da ta Birnin Kabi, kuma har yanzu ba a daidaita a kan harafin tsakiya ba, wasu su ce keɓewa yake nufi, wasu su ce mazauni.

Na biyu shi ne daji, kuma a nan ne batun fassara ya taso sosai. Dokar daji ta 1916 ta shafi Nijeriya duka, ta 1937 kuma ta ƙarfafa hannun En'e wajen keɓe dazuzzuka da kula da su. A tsakanin waɗannan shekaru an yi ta fargabar cewa hamada tana gangarowa kudu. Wani masanin daji, E. P. Stebbing, shi ma tsohon ma'aikacin Indiya, ya buga gargaɗi a kan haka a 1935, har Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya zaga iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai gaskata yawancin abin da ya faɗa ba, amma tunanin cewa manomi da makiyayi su ne masu kashe daji, sai an tsare shi daga gare su, ya riga ya zauna. Bisa ƙa'ida, kafin a keɓe daji sai jami'i ya zauna ya saurari masu haƙƙi a cikinsa, a rubuta abin da aka yarda su ci gaba da yi, kamar tsintar busasshen itace ko ɗibar 'ya'yan itatuwa ko bin wata hanya. Duk haƙƙin da ba a kawo ba a lokacin zaman ya faɗi. Mai karatu zai iya ƙiyasta yawan Fulanin da suke can wajen kiwo ranar da aka yi irin wannan zama.

To, da wace kalma aka kira wannan sabon abu? Hurumi yana nan, kuma a ganina shi ne mafi kusa da abin da dokar take ikirarin yi, tun da cewa ta yi don amfanin jama'a ake tsare dajin. Amma kalmar da ta zauna a bakin mutane da rubuce-rubucen hukuma ita ce gandu: gandun daji. Gandu kuwa a Hausa babbar gona ce ta maigida, wadda ƙannensa da 'ya'yansa suke yi wa aiki, amfaninta kuma yana hannunsa. Gandun sarki gona ce wadda bayi suke nomawa, daga baya talakawa ta hanyar gayya ko tilas. A wasu wurare ma harajin da ake kai wa babban sarki gandu ake ce masa. A cikin duk waɗannan ma'anoni akwai mai abu guda ɗaya, akwai kuma masu wahala a kai waɗanda ba su da ta cewa. A wannan ƙasa kalmar tana da nauyi na musamman, domin ana cewa sunan Gwandu kansa daga gandu ya fito, watau gonakin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya zauna Surame. Mutanen da babban birninsu yake ɗauke da sunan gonar sarki ba su bukatar a yi musu bayanin abin da gandu yake nufi.

Idan aka auna da ƙamus, fassarar ba daidai take ba, domin babu noma a cikin dajin, kuma kalmar Ingilishin ba ta ambaci mai mallaka ba. Idan aka auna da abin da ya faru, babu wadda ta fi ta daidai. Malamin daji ma'aikacin En'e ne, izinin saran itace a wurinsa ake saye, wanda aka kama a kai shi kotun En'e, tarar kuma ta shiga baitulmali. Abin da wannan ya haifar shi ne abin da ya fi damuna a cikin batun duka. Hurumi kowa mai tsaronsa ne, domin wanda ya ci shi ya ci rabon maƙwabcinsa, kuma maƙwabcin zai yi magana. Gandun wani kuwa mai shi ne kaɗai yake tsaronsa, wanda ya faki idonsa ya sari itace bai ji ya yi abin kunya ba, maƙwabcinsa ma ba zai tona shi ba. Da aka rushe En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, tsaro ya yi rauni, kuma dazuzzuka da yawa na Arewa suka koma gonaki ko maɓoyar ɓarayi.

An sake amfani da kalmar a 1965, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Niyyar mai kyau ce, a ba makiyayi wurin da manomi ba zai shiga ba. Sai dai yawancin wuraren da aka ware ba a kammala tabbatar da su a doka ba, kuma dabarar kanta ba ta dace da kiwon kwarin Rima ba, inda shanu suke tudu da damina, su gangaro fadama da rani bayan an yanke shinkafa. Abin da wannan makiyayi yake bukata shi ne burtalin da zai kai shi ruwa da yardar mai gona a kan lokacin sakin dabbobi. Fili mai turaku huɗu a wani wuri can ba ya biya masa wannan bukata.

Ruwa

A kan ruwa ne ake iya ganin tsarin biyu kusa da juna. Masuntan Kabi suna da al'adar rufe ruwa da buɗe shi. Kafin a shiga su akan yi gyaran ruwa, sa'an nan fashin ruwa, wanda shi ne izinin farawa, kuma Sarkin Ruwa da Homa su ne masu faɗa a ji. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a siffarsa ta yanzu a 1934 don karɓar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, alamar ƙarshen gabar Sakkwato da Kabi, a kan wannan al'ada aka gina shi. Ana hana su a Matan Fada har ranar biki, a ranar kuma da homa da gora ake shiga. Wannan hani ne sosai, kuma da ikon sarauta a bayansa. Bambancinsa da gandun daji shi ne wanda aka hana ya san ranar buɗewa, ya san shi ne zai shiga, kuma da idonsa zai ga girman kifin da haƙurinsa ya tara. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Shekara 35 bayan ziyarar Sarkin Musulmi, watau a 1969, aka fara zana wani shiri na sa wa gulbin kansa iyaka. Shirin, wanda ya ɗauki sunan Zauro, shi ne a gina doguwar ganuwa ta ƙasa a kewaye wani yanki na fadama tsakanin Argungu da Birnin Kabi, fiye da hekta 10,000, a hana ambaliya shiga, a riƙa ba da ruwa ta magudanai gwargwadon bukata, irin yadda mutanen Holan suke ƙwato ƙasa daga teku. Aikin ya shiga hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma a 1982 aka buɗe gonar gwaji ta hekta 100 kusa da Birnin Kabi. Hujjar masu shirin ba ta banza ba ce. Ambaliya takan zo da wuri ta nutsar da shuka, ko ta ƙi zuwa shinkafa ta bushe, kuma wanda ya iya sarrafa ruwan zai yi noma sau biyu a shekara.

Sai dai kafin a kai ga babban aikin, manoman kwarin sun riga sun ga abin da ya faru a sama da su. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka karɓe gonaki don a daidaita su a sake rabawa, rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980, aka yi hasarar rayuka da yawa. A ƙasa da madatsar kuma, binciken W. M. Adams ya nuna ambaliyar da fadama ta dogara da ita ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta maimaita abin da ta 1910 ta ce, ƙasa tana hannun Gwamna amana. Saboda haka da aka sake tayar da maganar shirin Zauro, kusan shekara 40 bayan zana shi, manoman Argungu suka yi bore a 2008 don tsoron rasa gonakinsu. Injiniya yana maganar ganuwar da za ta riƙe ruwa, manomi kuwa tambayarsa ita ce, bayan an kewaye fadamar, wa zai riƙe mabuɗin ƙofar ruwan, kuma da sunan wa za a rubuta filin da kakansa ya noma. A cikin fadamar da ba a kewaye ba, wuri ɗaya gonar shinkafa ne da damina, matsuntar Sarkawa ne idan ruwa ya fara janyewa, makiyayar Fulani ne da rani, kowane ɗayansu yana ja da baya idan lokacin ɗan'uwansa ya zo. Takardar rabon fili kuwa suna ɗaya ake rubutawa a kanta.